Rami na Biyu a Bayan Madafi

Shekarar da aka wanke ƙasar gidanmu na unguwar Buokrom ita ce ta huɗu bayan rasuwar babanku. Ku da kuke nesa ta waya kuka ji labarin, guntu-guntu, kowa da yadda aka faɗa masa. Mumuni kaɗai aka yi abin a kan idonsa, shi ma ba duka ya gani ba. A lokacin gidan a cike yake. Mumuni da matarsa Ramatu suna ɗakin da ke jikin nawa, tana da ciki wata uku. 'Yan haya suna ɗakunan gaba, rediyonsu ba ya hutawa. Kowace safiya Lamisi maƙwabciyarmu, mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi, takan turo ƙofar baya da bokiti biyu, tana tafe tana sallama, ta ɗebi ruwa a rijiyarmu. Gida uku ne suke sha daga rijiyar nan. Ni kuma ina da lambuna a bayan ɗakuna, ayoyo da alefu da kontomire a gefen da ya fi laima, ga kajina suna tono duk inda suka ga dama. Da ganyen nan na yi muku miya tun kuna firamare. Da Ramatu ta yi ciki, ni da hannuna nake dafa mata ƙwai biyu kullum, in tsaya a kanta sai ta cinye.

Sai na koma baya, don ba a shekarar abin ya fara ba. Kun san babanku yana da shago a unguwar Alabar, yana sayar wa manoman koko adda da injin feshi da maganin ƙwari. Abin da ba ku sani ba ya faru ne a zamanin soja, ina goyon Zenabu, shi kuma ya tafi arewa jana'izar ƙanin mahaifinsa. A kwanakin nan ana bin shaguna da gidaje ana neman kayan da 'yan kasuwa suka ɓoye. Da idona na ga an kwantar da wata mata a tsakiyar kasuwa an yi mata bulala saboda kwalin sabulu. Mu kuwa ga gwangwanaye da galan-galan na maganin koko jibge a ɗakin ajiya na gida, domin shagon ya yi ƙanƙanta. Ban sani ba ko laifi ne ajiye su a gida, ba ni kuma da wanda zan tambaya. Ranar da aka ce sojoji sun iso layin da ke bayanmu, na kulle ƙofa, na ƙara ɗaure goyona, na ɗauki digar da magina suka bari. Gidan a lokacin ɗaki biyu ne da fili, ciyawa ta kewaye shi. Na haƙa rami a inda daga baya ya zama lambu, na zuba gwangwanayen. Ramin bai ɗauke duka ba. Na haƙa na biyu a bayan madafi, galan-galan ɗin kuma suka ƙi shiga, sai na buɗe bakinsu na tuttule abin da ke ciki, wani ruwa mai kauri mai hawa kai, na tattake su na tura, na mayar da ƙasa. Sojoji ba su zo gidanmu ba, ko ranar ko wata rana. Da babanku ya dawo ya tarar da ɗakin ajiya wayam, kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na ce masa sojoji ne suka kwashe.

"Sun taɓa ki?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

Na ce a'a.

"To, alhamdu lillahi. Kaya ne."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ni kuma na sa wa raina cewa ƙasa tana cinye komai. Gawa ma tana cinyewa, balle ruwan gwangwani. Da shekaru suka ja, na ga ciyawa ta fito kore shar a kan ramin farko, na ce shi ke nan, ya mutu. Na kafa lambuna a wurin ba tare da gabana ya faɗi ba.

Madam Afia ta zo mana ne a ƙarshen damina. Ba'ashantiya ce 'yar unguwar Manhyia, tana aikin binciken ƙasa a jami'a, amma cikin yaran zongo ta tashi, Hausarta irin ta kasuwa ce wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ita da abokan aikinta suna bin gidajen da ke da lambu a cikin gari suna ɗibar ƙasa da ƙwai da ruwa. Na karɓe ta da murna, har na tsinka mata ayoyo ta tafi da shi. Bayan 'yan makonni ta dawo, ba ta yi dariyar da ta yi a zuwan farko ba. Ta ce a kira mata Mumuni da Ramatu. Muka zauna a baranda.

"Mma, ruwan rijiya yana da kyau, wannan na gode Allah," in ji ta. "Amma ƙasa na lambu ba shi da lafiya. Daga yau kar kowa ya ci ganye ɗin nan. Ƙwai ma haka. Kaji ma haka."

Mumuni ya ce, "Me ya same ta? Mma ba ta fesa komai, ko takin zamani ba ta sawa."

"Ba na yanzu ba ne. Tsohon magani ne, irin wanda aka hana tun tuni. Shi ba ya mutuwa. Ba ya son ruwa, shi ya sa bai je rijiya ba, ya kama ƙasa ya zauna. Abin da yake so shi ne mai. Kaza ya tono, ya ci, magani ya shiga ƙwaiduwa. Mutum ya ci ƙwai, ya shiga kitsen jikinsa ya zauna."

Ramatu ta ɗora hannu a cikinta. Ba ta kalli Afia ba, ni ta kalla.

"Mma, ƙwai biyu kullum," ta ce.

Ba zargi ba ne a muryarta. Lissafi take yi a fili, kamar mai neman a taya ta. Ta juya ta tambayi Afia ko akwai abin da za ta sha ya fitar da shi. Afia ta ce babu, ta je asibiti ta faɗa wa likita komai, kuma ba za ta yi mata ƙarya ta ce ta san abin da zai faru da ɗan ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kowa ya ɗauka mamaki nake yi.

Aka kwashe kajin a buhu. Aka tuge lambun. Afia ta ce gidanmu ya shiga cikin waɗanda aikinsu zai gwada gyarawa, da rani ya kama suka zo da ma'aikata uku, manya, sanye da takalman roba da safar hannu da takunkumi. A rana ta biyu shebur ya daki ƙarfe. Suka fara fito da gwangwanaye, tsatsa ta cinye su kamar rariya, wari ya tashi, warin nan da hancina bai manta ba. A jikin wasu har yanzu ana iya ganin alamar da babanku yake yi wa kayan shagonsa da jan fenti. Mumuni ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo.

"Baba," ya ce. "Baba ne. Ya binne guba a gidansa, ya zauna yana kallo kina shuka a kai. Ya ci miyar, ya ce ta yi daɗi."

"Mumuni, mamaci ne," na ce.

"Na san mamaci ne, Mma. Ya tafi ya bar mu da ita."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Kalma uku ce kawai, ni na binne. Na dubi fuskarsa, na dubi Ramatu a bakin ƙofa riƙe da katin asibiti, sai na ga idan na faɗa, kallon da yake yi wa gwangwanin nan ni zai yi wa. Shi babanku ba abin da zai ji a inda yake, haka na ce wa kaina. Na yi shiru.

Ƙasar da ta fi ɓaci suka zuba a duro suka tafi da ita. Sauran kuwa ta yi yawa, Afia ta ce wanke ta za a yi. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta sa aka kawo mata kwanon da aka ci abinci da manja, ta zuba ruwa ta karkaɗa ta zubar, manjan yana nan manne. Ta ɗiga sabulun ruwa, ta cuɗa, ta nuna mini ruwan ya yi ja, kwanon ya fita.

"Kin gani? Sabulu yana da hannu biyu. Ɗaya ya kama mai, ɗaya ya kama ruwa. Magani ɗin nan kamar manja yake a jikin ƙasa. Namu ba sabulun wanki ba ne, ba shi da turare, ba ya ƙona ƙasa, amma aikinsu ɗaya. Zai ɓamɓare shi ya sa shi cikin ruwa." Sai ta ɗaga kwanon da jan ruwan. "Amma Mma, ki ji wannan. Da yana barci. Sabulu ya tashe shi, ya ba shi ƙafa. Ruwa ɗin nan ya fi ƙasa haɗari. Duk inda ya bi, magani yana bi."

Suka nemi wurin da za su kafa kayan wankin. Fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, nesa da ramin da suka haƙa. Ba inda ya fi dacewa sai bayan madafi. Babanku ya taɓa sa an zuba tsakuwa da jar ƙasa a wurin saboda taɓo, don haka da suka ɗebi ta sama suka gwada ba su ga komai ba. Ina tsaye suka shimfiɗa tampol a daidai kan rami na biyu. Suka ɗora injin kwaɓa siminti, suka jera manyan tankunan roba da aka yanke bakinsu. Daga wurin zuwa rijiya taku goma sha biyu ne, kuma gangare ne. Na sani domin na ƙirga, ba sau ɗaya ba.

Aikin yakan fara da hantsi. A tankaɗe ƙasa, a zuba a injin, a zuba ruwa da sabulun nan mai yauƙi, injin ya yi ta juyawa yana ƙugi. A juye a tanki, a bari ta kwanta. Ruwan da ya taso sama mai launin shayi a ja shi da tiyo ya bi ta cikin duro biyu cike da wani baƙin gawayi mai laushi, wanda Afia ta ce shi ke riƙe maganin. Ita ƙasar a sake maida ta injin, sau uku, wani lokaci sau huɗu, domin baƙar ƙasar lambuna da na yi shekaru ina ba ta kashin kaji ta fi kowace riƙo. Mutanen unguwa suka riƙa leƙowa ta katanga. Lamisi ta ce ita dai ta ga wankin kaya, ta ga wankin gawa, yau ta ga wankin ƙasa. Kowa ya yi dariya. Ni idona yana kan bakin tampol. Ma'aikatan suna da kula, amma aiki ne na ruwa. Tiyo yakan zame. Kumfa takan gangaro ta gefen injin ta faɗa inda tampol bai kai ba. Sai in ga ta yi fari a kan jar ƙasa, ta ɗan tsaya, ta nutse. Su a wurinsu sabulu ne ya zuba a ƙasa mai tsabta, sai su kankare saman su jefa a injin. Ni na san abin da ke ƙarƙashi.

Abinci ya daina shiga mini. Na daina shan ruwan rijiya a ɓoye, ina aika a sayo mini na leda, na ce wa Ramatu ita ma ta sha shi saboda ciki. Ku lura da wannan, domin ya fi komai ba ni kunya: na kare kaina da surukata, na bar gida uku suna ja. Kowace safiya in ji ƙarar guga yana dukan bangon rijiya, in ji kamar a ƙirjina yake duka. In ga yaran makaranta sun yi layi a gaban tukunyar Lamisi, in sauya hanya. Idan na ta da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Wata rana na sami Afia ita kaɗai tana rubutu a kan gwiwarta, na zagaya na zagaya, na ce:

"Madam, wai misali, da a ce akwai maganin nan a ƙasa, sabulun ya zuba a kai, me zai faru?"

"Zai ɗauke shi ya yi ƙasa da shi. Shi ya sa ba mu zuba shi a rami ba, muka fito da ƙasa waje." Ta ɗago ta dube ni. "Me ya sa, Mma?"

"Ba komai. Tambaya ce."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma rubutunta.

Ruwan farko na shekara ya zo ne wata Laraba bayan la'asar, kafin lokacin da kowa yake zato. Ma'aikatan sun tashi da wuri, sun rufe tankunan da tampol sun danne da bulo. Iska ta fara, irin wadda take kwashe kwanon rufi, ta yaye tampol ɗin kamar mayafi ta jefa shi kan katanga. Jarkar sabulun da ke kan benci ta kife, murfinta ya fita. Sannan ruwa ya sauko. Na fito da gudu ba takalmi, na kama tampol ina ja, ya fi ƙarfina. Mumuni yana shago, Ramatu da tsohon ciki tana bakin ƙofa tana kirana in dawo. Kafin a jima bayan madafi ya zama fari fat, kumfa har idon sawu, tana tasowa duk inda ruwan indararo ya daka. Tanki ɗaya ya cika ya fara tumbatsa. Na ɗauki shebur na shiga tare gangaren, ina tara ƙasa tsakanin kumfar da rijiya, ruwa yana cinye abin da na tara. Na tare wadda nake gani. Amma ina ji a tafin ƙafata wurin ya yi laushi, yana shan ruwan, daidai inda na tattake galan-galan ɗin nan da ƙafar nan tawa. Wannan ba shebur ɗin da zai tare shi.

Washegari da sassafe na ji an turo ƙofar baya. Lamisi ce da bokitinta. Ban san lokacin da na isa rijiyar ba, sai dai na gan ni zaune a kan murfinta.

"Hajiya, lafiya? Tashi in ɗiba, wake na kan wuta."

"Ba za ki ɗiba ba."

"Ei! Saboda me? Ba an ce ruwan yana da kyau ba?"

"Da yana da kyau. Yau ban sani ba. Ki je famfon masallaci."

"Famfon masallaci layi ne har titi! Hajiya, shekara ashirin ina ɗiba a nan, yau za ki hana ni ruwa? Me na yi miki?"

Ta ɗaga murya, 'yan haya suka fito, matan gidan da ke gefe suka leƙo. Wata ta ce ai dama tun da turawan jami'a suka fara zuwa Hajiya ta sauya. Na riƙe ƙarfen murfin da hannu biyu, na zauna a wurin har rana ta fito, har Afia ta iso da mutanenta. Ta ga ɓarnar da iska ta yi, ta fara ba da umarni a tattara, tana cewa ruwan tankin an riga an tace shi sau ɗaya, ba zai yi muni sosai ba. Na kira ta. Na ce ta shigo ɗakina, na tura ƙofa.

"Akwai wani ramin," na ce. "Ƙarƙashin injinku. Shi ba a gwangwani yake ba, tuttule shi aka yi."

Ta zauna a bakin gado ba tare da na ce ta zauna ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ni na haƙa. Duka biyun. Mijina bai sani ba har ya mutu."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tata ta yi ba. Na ɗauka za ta yi mini ihu, da ma ta yi. Ta rufe ido ta yi wata magana da Turanci, sannan ta ce a hankali:

"Mako biyar, Mma. Mako biyar ina zuba sabulu a kai, kina kawo mini ruwan sha." Ta tashi. A bakin ƙofa ta tsaya. "Ni ƙasa ne aikina. Wanda ya haƙa ba ya shiga takarda na. Amma ɗanki yana zagin mutum wanda ba shi da baki. Wannan naki ne."

Ranar aka sa wa rijiyar kwaɗo. Aka ɗauke injin, aka fasa jar ƙasar. Ba su yi zurfin gwiwa ba warin ya bugo, har ɗaya daga cikin ma'aikatan ya fita waje ya yi amai. Ƙasar a jiƙe take, tana yauƙi, sabulu ya ratsa ta. Mumuni ya dawo daga shago ya tarar da su a ciki. Ya tambaye ni yadda aka yi aka gano. Afia tana tsaye, ta sunkuyar da kai. Na ce masa ruwan saman ne ya tuna mini, wai na taɓa jin babanku ya ambaci bayan madafi.

"Biyu," in ji Mumuni. "Har biyu. Ɗaya kusa da rijiya." Ya yi wata dariya wadda ba ta da daɗin ji. "Allah ya jiƙansa, tun da haka ake cewa."

Gwajin ruwan ya ɗauki kwana tara. A kwanakin nan ba na iya haɗa ido da kowane yaro a layinmu. Da sakamakon ya fito, Afia ta ce maganin ya fara isa rijiyar, kaɗan ne, kuma tana kyautata zaton ruwan saman nan ne ya tura shi, ba kafin nan ba. Tana kyautata zato, haka ta ce, ba ta ce ta tabbata ba. Aka zuƙe rijiyar sau biyu, aka sake gwadawa, daga ƙarshe aka ce a rufe ta gaba ɗaya. Lamisi ta koma sayen ruwan tanka, ta yi shekara ba ta taka gidanmu ba, da muka shirya ma ba mu koma kamar da ba. Ƙasar rami na biyu ba ta wanku ba, sau biyar tana shiga injin, a ƙarshe a duro aka tafi da ita. Ta lambu kuwa ta wanku. Suka maida ita wurinta, ta yi fari-fari kamar tsohon zane, ba tsutsa ko ɗaya a ciki. Afia ta ce in zuba mata taki in ba ta lokaci, za ta farfaɗo, amma in shuka fure tukuna, ba abin ci ba. Ban shuka komai ba.

Ramatu ta haihu cikin damina, namiji. Da ungozomar asibiti ta miƙo mini shi, ban yi kabbara ba sai da na buɗe zanen na ƙirga yatsunsa, hannu da ƙafa, na duba bakinsa da bayansa. Lafiyayye ne. Likita ya ce ta ba shi nono, amfaninsa ya fi abin da ake tsoro. Ta ba shi, amma na sha ganin ta tana shayar da shi tana hawaye, ba ta san abin da take ba shi ba. Har yau idan ya yi zazzaɓi irin na kowane yaro, ni da ita mukan dubi juna.

Duk dangi sun san sunan da za a raɗa. Jikan farko namiji a ɗakin Mumuni, kakansa ya rasu, ai Seidu ne, sunan babanku, ba sai an tambaya ba. 'Yan'uwan babanku suka zo daga arewa da rago. Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya sunkuya Mumuni ya raɗa masa a kunne. Muna ciki mu mata muna jira. Sai maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Haruna. Ba mu da Haruna a danginmu, ko na uwa ko na uba. Gwaggonku Asana ta ajiye kwanon goron da ke hannunta, ta dube ni ta ce:

"Adiza, me ɗan'uwana ya yi muku?"

Mata sun cika ɗakin, jaririn yana cinyata. Na ce, "Zaɓin uban yaro ne, Yaya." Ta ɗauki mayafinta. Ba ta ci abincin sunan ba, ba ta ƙara kwana a gidan nan ba har ta rasu.

Haruna yanzu yana aji uku. Sunan ya zauna masa, ba na cewa a sauya. Mumuni bai je kabarin babanku ba tun shekarar nan, ko da Salla, kuma ya sa an goge sunansa daga allon shago. Ku sauran kun bi bayansa, kowa da gwargwadonsa. Na ji yadda kuke yin shiru idan an ambace shi. Mutumin nan bai binne komai ba. An kwashe masa kaya, aka yi masa ƙarya, ya tambaya ko an taɓa matarsa, ya gode wa Allah.

Da na fara rubutun nan niyyata in sa shi a ƙasan akwati, ku gani bayan an kai ni kabari. Da na zo nan a rubutun na gane wannan ma wani ramin ne. Zenabu, ke da ɗan'uwanki Sule za a aika muku naku. Na Mumuni ni zan ba shi da hannuna. Na ce masa ya shigo wurina ran Juma'a idan an sauko daga masallaci, kafin ya koma shago, ya ce to, Mma, ya tambaya ko ciwon ƙafata ne ya tashi. Zan zauna a gabansa har ya kai ƙarshe. Yau Laraba. Tun jiya ban iya cin komai ba.